Ra'ayi: Gwajin ƙanjamau a arewacin Adar na buƙatar kuɗin gida da ma'aikata ƴan gida

A kan takarda, Jamhuriyar Nijar na cikin ƙasashen Afirka da cutar ƙanjamau, wadda aka fi sani da sida a ƙasar, ba ta yi wa katutu ba. A 1987 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da ita, kuma tun daga 2002 alƙaluman sun yi ta sauka. Binciken ƙasa na 2002 ya nuna kashi 0.87 cikin ɗari na manya na ɗauke da ƙwayar cutar, na 2006 ya nuna kashi 0.7, na 2012 ya nuna kashi 0.4, kuma hasashen hukumar UNAIDS na shekarun nan na kewayen kashi 0.2. Wannan nasara ce da ta cancanci yabo. Sai dai ƙaramin adadi irin wannan na iya zama tarko, domin duk ranar da kuɗi ya yi ƙaranci, shi ne hujjar farko da za a kawo a ce babu gaggawa.

Matsakaicin lissafi na ƙasa yakan rufe wurin da ciwo ya taru. Binciken sa-ido na 2019 ya gano cewa kusan mace ɗaya cikin goma daga mata masu zaman kansu a Nijar na ɗauke da ƙwayar cutar. Ma'ana, cutar ta tattaru ne a wasu rukunonin jama'a da kuma kan wasu hanyoyi, kuma jihar Tawa na zaune a kan ɗaya daga cikin manyan hanyoyin: titin da ya taso daga Ƙonni a bakin iyakar Najeriya, ya ratsa birnin Tawa da Abalak, ya nufi Agadas da Arlit, daga nan sai Aljeriya da Libiya. Shirin gwaji da rigakafi a wannan yanki ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai an warware abubuwa biyu da aka daɗe ana kauce musu: wa zai biya idan masu ba da agaji sun janye, kuma wa zai yi aikin a wuraren da ma'aikacin da aka turo daga Yamai ba ya jin harshen mutanen.

Mutanen da gwaji ba ya kai wa

Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Tawa na da mutum sama da miliyan 3.3, mafi yawansu Hausawa manoma da ke kudanci da tsakiya, a Ƙonni, Madawa, Buza, Illela da Keita. Amma da zarar an wuce birnin Tawa aka yi arewa, ƙasa ta sauya. Daga Abalak zuwa Cintabaradan, zuwa Tiliya da Tasara, yankin Azawak ne na makiyaya: Abzinawa masu magana da Tamajak, Fulani har da Bororo, da Larabawan Tasara. Gundumomin Tiliya da Tasara, duk da faɗinsu, jama'arsu a haɗe ba su kai dubu ɗari ba a waccan ƙidaya. Mutane ne warwatse a rugage da zangonni, suna bin ruwa da ciyawa, kuma idan damina ta yi nisa da yawansu sukan kora dabbobi zuwa Ingal shan gishiri.

Ba ana cewa cutar ta fi yawa a cikin waɗannan al'ummomi ba ne. Maganar ita ce hanyar sanin matsayinsu ta fi ta kowa wuya. A Nijar gaba ɗaya, kusan rabin jama'a ne kawai ke zaune cikin tazarar kilomita biyar daga wata cibiyar lafiya, kuma a Azawak tazarar takan zama tafiyar yini a kan raƙumi ko jaki. Matar da ke zango ba ta zuwa awon ciki sai in abu ya ɓaci. Mijinta kuma ba ya ganin likita sai ciwo ya kwantar da shi. Ƙanjamau kuwa ciwo ne da kan yi shekaru a jiki bai nuna alama ba, saboda haka wanda ke jiran ya ji ciwo kafin ya gwada, yakan iso asibiti ne bayan garkuwar jikinsa ta karye, sau da yawa da tarin fuka a kai.

Rashin tsaro ya ƙara nisanta su. Tun 2017 gundumomin Tiliya da Tasara ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Ƴan gudun hijirar Mali da suka shigo tun rikicin 2012 an zaunar da su a Intikan da Tazalit, kuma duka wuraren biyu sun sha hare-hare. A ranar 21 ga Maris 2021 an kashe aƙalla mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya cikin yini ɗaya. Duk lokacin da aka tashi gari, katin asibiti yakan ɓace, mai shan magani ya rabu da wurin da yake karɓa, kuma mata da ƴan mata da suka rasa dabbobi da masu ciyar da su sukan faɗa cikin halin da ba su da ikon cewa a'a.

Akwai kuma rukunin da ba a son ambata. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta daɗe tana fallasa al'adar wahaya a jihar Tawa, inda ake sayen yarinya daga zuriyar bayi a ajiye ta a gida ba da ɗaurin aure ba. Shari'ar Hadijatou Mani, wadda kotun ECOWAS ta yanke a ranar 27 ga Oktoba 2008, daga yankin Ƙonni ta taso. Macen da ke cikin irin wannan hali ba ta da izinin fita, balle ta nemi gwaji, balle ta tambayi maigidan nasa sakamakon. Shirin da bai yi tunanin yadda zai isa gare ta ba, ya bar wadda ta fi kowa rauni.

Hanyar ci-rani

Duk wanda ya san Adar ya san ci-rani. Da an gama girbi, samari da magidanta sukan bar ƙauyuka su tafi biɗa: Abijan, Legas, Kano, Kamaru, Gabon, Libiya, Aljeriya, kuma tun 2014 wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarakaten. Da kuɗin da suke aikowa ake cike gurbin hatsin da gona ba ta bayar ba, ake gina gidaje, ake aure. Bayan da hukumomi suka soke dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure a watan Nuwamba 2023, zirga-zirga ta hanyar Agadas ta sake buɗewa a fili.

Namiji mai jini a jika da ya yi wata takwas ko shekara biyu nesa da iyalinsa, a birnin da cutar ta fi yawa fiye da garinsu, yana cikin haɗari, kuma faɗin haka ba zagi ba ne. Abin takaicin shi ne yadda labarin kan ƙare. Ya dawo gida bai gwada ba. Matarsa ta yi ciki, ta je awo, aka gwada ta, aka samu. Ita ce ta fara sani, don haka ita za a ɗora wa laifi. Da yawa sukan ɓoye sakamakon don tsoron saki, su riƙa shan magani a ɓoye ko su daina gaba ɗaya. Idan uwa ba ta shan magani, yiwuwar jariri ya ɗauka ta hanyar ciki, haihuwa ko shayarwa na tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari. Idan tana sha yadda ya kamata, yakan sauka ƙasa da kashi 5. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu rayukan yara ne.

Shi ma ɗan ci-ranin da ya san matsayinsa yana da tasa matsalar. Idan aka ba shi maganin wata ɗaya ko biyu ya tafi Sabha ko Tamanraset, magani zai ƙare masa a inda ba shi da takardun zama, kuma a ƙasashe irin su Libiya baƙon da aka gano yana da cutar na fuskantar barazanar kora. Sai ya yi shiru ya katse magani, ƙwayar cutar ta sake yawaita a jininsa, ya dawo gida da ita.

Kuɗin da ke janyewa

Tun 2004 ake ba da maganin rage kaifin ƙanjamau kyauta a Nijar, a ƙarƙashin shirin INAARV. Amma kyauta ga majiyyaci ba ta nufin babu mai biya. Mafi yawan kuɗin magunguna, kayan gwaji da ayyukan wayar da kai na fitowa ne daga waje, musamman daga asusun duniya na Global Fund da aka kafa a 2002 don yaƙar ƙanjamau, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Ko kwaroron roba na Foula da ƙungiyar Animas-Sutura ta yaɗa a kasuwanni da tashoshi, da tallafin bankin raya ƙasa na Jamus, KfW, ya samu shiga.

Shekaru biyu da suka biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 sun nuna haɗarin dogaro da wannan tsari. Takunkumin ECOWAS, wanda ba a ɗage ba sai a watan Fabrairu 2024, da rufe iyaka da Benin, sun sa kayan da aka saba shigowa da su ta Kotono sun koma zagaye mai tsawo ta Lome da Burkina Faso. A ranar 20 ga Janairu 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da agajin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, kuma zuwa watan Yuli an rufe hukumar USAID. Amurka ce mafi girman mai zuba kuɗi a Global Fund. A tsakiyar 2025 asusun ya zaftare kimanin dalar Amurka biliyan 1.4 daga abin da ya riga ya ware wa ƙasashe, kuma a taron tara kuɗi da aka yi a Johannesburg a watan Nuwamba 2025 an samu alƙawarin kusan biliyan 11.3 ne daga cikin biliyan 18 da ake nema.

Idan kuɗi ya ragu, abin da ake fara karewa shi ne maganin waɗanda suka riga suka fara sha, kuma daidai ne a yi haka. Amma wuƙar sai ta sauka a kan abin da ya rage: man motar fita ƙauye, ɗan alawus ɗin masu wayar da kai, horar da ma'aikata, shirye-shiryen rediyo. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da arewacin Adar ya dogara da su. Mai lissafi a ofis zai duba ya ga cewa da kuɗin da za a gwada mutum hamsin a Tasara, ana iya gwada ɗaruruwa a Yamai, sai ya soke Tasara. Lissafinsa bai yi ƙarya ba, amma ƙasa ba kanti ba ce. Ɗan Tasara da ɗan Yamai takardar ɗan ƙasa iri ɗaya suke riƙe da ita.

Abin lura shi ne kayan aikin kansu ba su da tsada. Kayan gwajin gaggawa na yatsa na kewayen dalar Amurka ɗaya, kuma sakamako na fitowa cikin minti ashirin. Maganin zamani mai ɗauke da dolutegravir, ƙwaya ɗaya a yini, ya sauka ƙasa da dala 45 a shekara, wato bai kai jaka talatin na sefa ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne mutumin da zai kai kayan, da abin hawansa, da albashin da zai sa ya zauna.

Wa zai yi aikin

Tsarin lafiya na Nijar ya taso ne daga ɗakunan shan magani na ƙauye, waɗanda aka gina da yawa a ƙarƙashin shirin musamman na marigayi Shugaba Tandja Mamadou, zuwa cibiyoyin CSI, zuwa asibitocin gunduma, zuwa babban asibitin jiha da ke birnin Tawa. A kudancin jihar akwai kuma asibitin Galmi da ƴan mishan na SIM suka buɗe a 1950, wanda ya daɗe yana kula da masu wannan cuta. Amma gini ba ya gwada kowa. Likitoci da ungozomomi sun taru a birane, kuma ma'aikacin da aka tura Tiliya ko Tasara yakan ɗauki abin a matsayin horo, ya fara neman canjin wuri tun kafin ya kwance kayansa. Ba za a zarge shi ba, domin an tura shi wurin da ake kashe mutane, da albashi daidai da na abokinsa da ke zaune a Yamai.

Ko ya zauna, ga matsalar harshe. Gwajin ƙanjamau ba awon zafin jiki ba ne. Kafin a soki yatsa sai an yi magana, bayan an ga sakamako sai an yi magana, kuma maganar ta shafi shimfiɗar aure. Idan malamin asibiti ba ya jin Tamajak ko Fulatanci, sai a nemo tafinta, tafintan kuwa ɗan'uwan miji ne ko maƙwabci. A nan sirri ya ƙare. Dokar Nijar ta 2015 kan ƙanjamau ta tanadi cewa gwaji na ganin dama ne kuma sakamako sirri ne, amma doka ba ta iya rufe kunnen tafinta. Matar da ta san haka za ta zaɓi kada ta gwada.

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Wannan abin alfahari ne ga Hausawa, amma yana zuwa da nauyi. Mai rinjaye shi ke da alhakin tabbatar da cewa wanda ba ya jin harshensa bai rasa haƙƙinsa ba saboda haka. Sanarwar lafiya da aka yi da Hausa da Faransanci kawai ba ta isa zangon Azawak ba, ko da rediyo ya kai ta.

Mafitar ba sabuwa ba ce. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa mutumin da ba likita ba, idan aka horar da shi, zai iya yin gwajin gaggawa daidai yadda ya kamata. A 2016 ta amince da gwajin da mutum ke yi wa kansa. Tsakanin 2019 da 2022, shirin ATLAS da ƙungiyar Solthis ta jagoranta ya raba dubban ɗaruruwan irin waɗannan kayan gwaji a Mali, Senegal da Kodebuwa, kuma ya nuna cewa suna isa ga mutanen da ba su taɓa taka asibiti don gwaji ba. A Abalak da Cintabaradan akwai samari da ƴan mata da suka gama sakandare suna zaune babu aiki, suna jin Tamajak, Fulatanci, Larabci da Hausa. Su ne ma'aikatan da ake nema. Haka kuma mambobin ƙungiyar RENIP+ ta masu ɗauke da cutar, domin babu mai kwantar wa sabon majiyyaci hankali kamar wanda ya yi shekara goma yana shan magani yana noma gonarsa.

Sai dai a biya su. An daɗe ana gina ayyukan lafiya na karkara a kan masu sa-kai da ake ba ɗan abin goro idan wani shiri ya zo, a manta da su idan ya tafi. Wanda ba a biya ba, shi ma ci-rani zai tafi, kuma horon da aka kashe kuɗi aka ba shi ya bi shi.

Abin da masu ja ke cewa

Wasu za su ce zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun fi kashe yara a Tawa nesa ba kusa ba, don haka me zai sa a karkatar da ɗan abin da ake da shi zuwa cutar da ba ta kama ko mutum ɗaya cikin ɗari ba. Gaskiya ne sun fi kisa. Amma ba a ce a gina wa ƙanjamau asibitinta daban ba. Ma'aikaciyar da za ta gwada mai ciki a zango, ita ce za ta ba ta maganin rigakafin zazzaɓi, ta auna damtsen yaronta, ta yi masa allura. Akwai ma kayan gwaji guda da ke duba ƙanjamau da tunjere a lokaci ɗaya. Kuma cutar da aka riƙe tana ƙarama ta fi araha, domin duk wanda ya kamu, magani zai sha har ƙarshen rayuwarsa.

Wasu kuma, musamman daga cikin al'ummomin da kansu, na tsoron tambari. Idan mota ta zo zango ɗauke da allon sida, gobe a kasuwa za a ce ciwon Abzinawa ne ko na Bororo. Wannan tsoro yana da tushe, kuma shi ne dalilin da ya sa bai kamata gwajin ya zo shi kaɗai ba. A ƙasar Chadi, tun farkon shekarun 2000 aka gwada haɗa allurar rigakafin yaran makiyaya da ta dabbobinsu a fita ɗaya, kuma makiyaya sun fito saboda sun yarda da likitan dabbobi. Tawagar da ta zo rijiya ko kasuwar dabbobi da allurar shanu, awon hawan jini, awon ciki da gwajin ƙanjamau a tanti ɗaya, babu wanda zai san abin da ya kai wani ciki.

Akwai kuma masu cewa kai kwaroron roba da gwaji gidajen mata masu zaman kansu tamkar ɗaure wa alfasha gindi ne. Wa'azi aikin malamai ne, kuma babu mai hana su. Amma mazan da ke zuwa waɗannan gidaje a Tawa, Ƙonni ko Agadas ba daga sama suka faɗo ba, magidanta ne da samari masu shirin aure, kuma wadda za ta ɗauki sakamakon ita ce matar da ke gida ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ilimin likitanci ya tabbatar da cewa mai shan magani har ƙwayar cutar ta daina bayyana a awon jini ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Saboda haka kula da lafiyar mace ɗaya a bariki kariya ce ga gidaje da yawa.

A Kano, gwamnati ta sa hannu a 2024 kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, kuma akwai masu son a kwaikwaya. Gwaji kafin aure abu ne mai kyau, kuma limamai da waliyyai na iya ƙarfafa shi. Amma a wurin da babu wurin gwaji sai an yi tafiyar yini, tilastawa takardun bogi kawai za ta haifar. A fara kai gwajin kusa da mutane tukuna.

Inda kuɗin zai fito

Na farko, gwamnati. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya, kuma kason Nijar a shekarun nan bai kusanci haka ba. Hukumomin yanzu sun nuna suna iya tara kuɗin gida idan sun so: asusun ceton ƙasa da aka kafa a watan Oktoba 2023 na karɓar ƴan kuɗi daga katin waya, mai da tikitin mota. Sun kuma rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati da rabi a 2024. Ƙasar da ke maganar ƴancin kai ba za ta bar gwajin jinin ƴaƴanta a hannun majalisar dokokin Amurka ba. Zimbabwe ta kafa harajin ƙanjamau na kashi 3 cikin ɗari tun 1999, kuma da Amurka ta janye a 2025, Najeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiyarta. Abin da ake buƙata a Nijar shi ne layi na musamman a kasafin kuɗi don albashin masu gwaji na karkara da ƙarin alawus ga duk ma'aikacin da ya zauna a gundumomin arewa, a kuma bayyana wa jama'a abin da kowace gunduma ta samu.

Na biyu, ragowar kuɗin agaji. A yi amfani da shi wurin da ya fi wuya, ba wurin da ya fi sauƙin rubuta rahoto ba. A ɗauki ma'aikata daga cikin al'ummomin, rabinsu mata, a sa jin harshen wurin ya zama sharaɗin ɗauka. A ba makiyayi da ɗan ci-rani da jikinsa ya daidaita maganin wata shida a lokaci ɗaya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda, tare da takardar da zai nuna a Agadas, Sakkwato ko Abijan a ci gaba da ba shi. Sabuwar allurar rigakafi ta lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara kuma hukumar ta amince da ita a watan Yuli 2025, kamar don masu tafiya aka yi ta. Idan ta iso Nijar, kada ta tsaya a Yamai.

Na uku, ƴan Adar da ke waje. Ƙungiyoyinsu a Abijan, Legas, Duwala da sauran birane sun gina masallatai, azuzuwa da rijiyoyi a garuruwansu, kuma idan ɗan gari ya rasu a baƙunta, cikin kwana ɗaya sukan haɗa kuɗi. Ƙungiyar da ta iya wannan za ta iya ɗaukar albashin ma'aikaciyar lafiya ɗaya na shekara, ko man motar da za ta kai tawaga rugage sau ɗaya a wata. Sarakunan zango da shugabannin tasha kuma na iya sa a ajiye kayan gwajin kai a inda ƴan ci-rani ke sauka da inda suke hawa mota, musamman gab da damina da lokutan sallah da ake komawa gida.

Matasan birnin Tawa, har da ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani, na da nasu rabon. Saƙon murya na minti ɗaya da Tamajak ko Fulatanci a WhatsApp, da ke bayyana cewa gwaji kyauta ne, magani kyauta ne, kuma mai shan magani na iya aure ya haifi yara lafiyayyu, zai shiga wuraren da motar gwamnati ba ta shiga. Har yanzu akwai masu kiran cutar kabari kusa, sunan da ya samo asali tun zamanin da babu magani. Wannan suna na hana mutane gwaji fiye da nisan hanya.

Shi kuma ɗan ci-ranin da ke shirin komawa gida bana, akwai abin da ba ya jiran kasafin kuɗin kowa. Kafin ya sayi atamfa da turaren tsaraba, ya ware minti ashirin ya gwada jininsa, a can inda yake ko a asibiti idan ya sauka Tawa. Idan kuma ya san ya shiga haɗari a makonnin ƙarshe, ya maimaita bayan wata uku, domin gwajin gaggawa ba ya kama sabon kamu nan take. In an samu ba shi da ita, ya shiga gida da kwanciyar hankali. In an samu yana da ita, ya fara magani a ranar, ya kuma raka iyalinsa su ma a duba su.